GIDAN MALAM ABDULLAHI NA GWANDU: GININSA DA ZURIYARSA

Kalmar "gida" a bakin Bahaushe fuska biyu gare ta. In ka tambayi mutum ina gidansu, ya yiwu ya nuna maka katanga da zaure, ya ce ga shi can gindin tsamiya. Ya yiwu kuma ya ce maka shi ɗan gidan wane ne, ya lissafa maka kakanninsa har bakwai, alhali kuwa ɗakin da aka haife shi ya daɗe da zama kufai. Nufina cikin wannan takarda in bayyana wa 'yan'uwana 'yan makaranta da malamanmu labarin wani gida guda ta fuskokin nan duka biyu, watau gidan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ke garin Gwandu.

Abin da ya jawo maganar kuwa gardama ce. Ni mutumin Kalgo ne, cikin ƙasar Gwandu. Ran nan bayan darasin tarihi wani abokina Bakano ya ce da ni, in ana batun tsohon gini sai Kano da Zariya, mu mutanen yamma ba mu gaji komi ba sai ɗakin ciyawa. Na buɗe baki in ba shi amsa, na ga ban da abin faɗi, don ban taɓa zama na tambayi kowa labarin gidajenmu ba. Abin ya yi mini ciwo. Da aka ba mu hutu sai na bi tsofaffi da magina da tambaya, na kuma duba littattafan tarihi. Ga abin da na samo.

INDA GIDAN YA KE

Gwandu tana gabas da Birnin Kebbi, tafiyar kamar mil talatin, cikin wani kwari mai dausayi wanda tuddai suka kewaye. Masu tarihi sun ce asalin sunan daga "gandu" ne, gama wurin gandun noman Sarkin Kabi ne tun zamanin Kanta. Ashe tun farko Gwandu ba birnin sarauta ba ce, ƙauyen gona ce ta bayan gari, inda a ke noma wa fada abinci.

Jihadi ne ya ɗaukaka ta. Cikin 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, Malam Abdullahi kuwa shi ya fara yi masa mubaya'a, shi ne kuma ya ja rundunar da ta kori Gobirawa a Tabkin Kwatto cikin shekarar nan. Cikin 1805 ya ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya gudu. Jama'a na neman wurin da za su ajiye mata da yara, ga ruwa ga abinci, sai suka zaɓi Gwandu, Shehu ya sauka nan da iyalinsa da almajiransa. Ba a daɗe ba aka yi yaƙin Alwasa, wanda jama'a suka sha wuya ƙwarai, abokan gaba suka biyo su har bakin Gwandu, garin kuwa ba shi da ganuwa, da ƙyar aka kore su. Saboda haka cikin 1806 Muhammadu Bello ya kewaye garin da ganuwa. Wanda ya lura da wannan zai gane halin da aka kafa gidajen farko na Gwandu. Mutanen da suka gina su baƙi ne masu hijira, takobi a hannu ɗaya, littafi a ɗaya hannun, ba su da sukunin neman gwanin zane daga nesa.

Bayan an ci Alƙalawa cikin 1808, Bello ya gina Sakkwato, Shehu ya koma Sifawa, Malam Abdullahi kuma ya yi zama a Boɗinga. Cikin 1812 Shehu ya raba musu kulawa da ƙasa, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi. Da Shehu ya rasu cikin 1817 aka naɗa Bello Sarkin Musulmi, sai Malam Abdullahi ya tattara ya koma Gwandu, ya zauna nan har ƙarshen ransa. An sami 'yar rashin jituwa tsakaninsa da ɗan wansa, har zuwa lokacin da mutanen Kalambaina suka tayar masa, Bello ya kawo masa gudummawa suka ci garin. An ce da suka gamu Bello ya yi haramar sauka daga kan doki don girmama baffansa, Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Tun daga ranar nan gidajen biyu, na Sakkwato da na Gwandu, suka riƙe juna.

MAI GIDAN

Ba a gane gida sai an gane mai shi. An haifi Malam Abdullahi wajen 1766, Shehu ya girme shi da kamar shekara goma sha biyu, a hannun Shehun kuma ya yi yawancin karatunsa na farko. Ko da ya ke jarumi ne, sunansa ya fi tafiya ta wajen alƙalami. Ya yi tafsirin Alƙur'ani mai suna Liya'ut Ta'awili, wanda aka buga a Alƙahira cikin 1961. Ya yi Tazyinul Waraƙati, inda ya tara waƙoƙinsa na Larabci da labarin jihadi, da Ida'un Nusuhi, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu wurinsu, ban da littattafan nahawu da sarfu da fiƙihu masu yawa.

Akwai wani abu cikin tarihinsa wanda ya shafi maganarmu. Wajen 1807, ana tsakiyar yaƙi, ya ga zukatan waɗansu mutanensu sun fara karkata ga neman mulki da dawaki da manyan riguna da tara ƙwaraƙwarai, sai ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Da ya isa Kano mutanen garin suka tsai da shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda a ke mulki bisa shari'a. Nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantar da su tafsiri, daga baya ya komo gida. To, mutumin da ya bar ganima ya kama hanya don gudun alfahari, ba shi za a tambaya ina benensa mai zane ba. Ga rabin amsar da ya kamata in ba abokina ke nan.

Ya rasu a farkon shekarar Hijira 1245, watau 1829, aka binne shi a Gwandu. Al'adar shugabannin jihadi ce a rufe mutum inda ya zauna: Shehu cikin gidansa a Sakkwato, Bello a Wurno, Abdullahi a Gwandu. Wurin da kabarin irin waɗannan bayin Allah ya ke shi a ke kira hubbare, kalma ce ta Fillanci wadda asalinta ƙubba ce ta Larabci. Har yau mutane na zuwa ziyara Hubbaren Malam Abdullahi daga kusa da nesa. Ni ma ina yaro mahaifina ya kai ni, ya sa na tuɓe takalma tun daga waje, muka yi addu'a muka fito, ban kuwa san girman wurin da na shiga ba sai yanzu.

TSARIN GIDA

Gidan babban malami ko basarake a ƙasarmu, tun daga Gwandu har Sakkwato da Wurno, tsari ɗaya ya ke bi, wanda ya san shi kuwa ya san yadda su Malam Abdullahi suka zauna. Bari mu shiga tun daga ƙofa.

Da farko akwai fili a ƙofar gida, da dakali jikin bango inda a ke zaman hantsi da na la'asar. Sa'an nan zaure, wanda shi kaɗai ne ƙofar shiga, gama katanga ta kewaye sauran gidan duka. Zaure shi ne fuskar mai gida. Nan ya ke karɓar baƙi, nan a ke cin tuwon dare tare da maƙwabta, nan a ke ɗaurin aure da raɗin suna. In mai gidan malami ne, zauren nan shi ne makaranta: yara da allunansu a fili suna kewaye da wutar kara, manyan almajirai kuwa a ciki, kowa da littafinsa, suna jiran layi ya zo kansu. In alƙali ne, nan ya ke shari'a. Don haka a ke faɗaɗa zaure a ɗaukaka rufinsa fiye da kowane ɗaki, ko da ɗakin kwanan mai gida ƙanƙane ne.

In ka lura, ƙofar zaure ta ciki ba ta fuskantar ta waje. Magini ya kan karkatar da ita gefe da gangan, don wanda ke tsaye a titi kada idonsa ya wuce ciki. Bayan zaure sai wani fili, inda ɗakunan samari da na baƙi su ke, da turken doki. Daga nan sai shigifa, watau zaure na biyu, iyakar inda namiji baƙo ke isa ke nan, sai fa muharrami. A gidan babban mutum a kan jera zauruka uku ko huɗu, kowane da irin mutanen da a ke tsayarwa a cikinsa, har a kan gane matsayin baƙo da yawan zaurukan da ya wuce.

Bayan shigifa sai cikin gida. Nan turakar mai gida ta ke, da ɗakin kowace mace, da madafa, da rumbuna, da rijiya, da makewayi can ƙurya. Ɗakunan nan a zamanin da yawancinsu kewayayyu ne, bangon ƙasa da jinkar ciyawa. Abin sha'awa ga wannan tsari shi ne gidan na girma tare da iyali. In ɗa ya yi aure a yanka masa sashe a ja danga, in tsohuwa ta rasu a bar ɗakinta ya zube, ƙasarsa ta koma tubalin wani ɗaki. Saboda haka wanda ya iya karanta gida, in ya zaga sassansa, zai iya gaya maka 'ya'ya nawa mai gidan ya haifa, da wanda ya zauna, da wanda ya yi ƙaura. Tarihin zuriya a rubuce ya ke cikin katangu.

YADDA A KE GINI

Magini ba ya fara aiki sai bayan kaka, in ruwa ya ɗauke. A haƙo jar ƙasa a bayan gari, ramin da a ke bari kuwa shi ke zama kududdufi. A jiƙa ta, a zuba ciyawa yankakka da kashin doki, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake tattakewa. Sa'an nan a mulmula tubali da hannu, gindi da faɗi kai da tsini, a shanya shi a rana kamar mako biyu. Wajen ɗora bango a kan jera tubalin tsininsa na duban sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ba a ɗora jeri da yawa rana ɗaya, sai na ƙasa ya sha iska. Bangon kuwa gindinsa ya fi kansa kauri nesa, yana tafiya yana sirancewa, shi ya sa ya ke ɗaukar nauyin kansa.

Wuyar aiki tana wajen rufi. Itacen da a ke amfani da shi azara ce, wadda a ke tsagawa daga gangar giginya, don gara ba ta cinta da sauri. Amma azara na da iyaka: in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa shida, ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasar da za a zuba mata, sai ta lanƙwashe. Duk hikimar maginanmu ta taru ne wajen neman hanyar ƙetare wannan iyaka. Hanya ta fari, a fito da gajerun azara daga kan bango su miƙo ciki, a ɗora dogaye a kansu. Ta biyu, a gicciya azara a kusurwoyi huɗu, a rage faɗin da ya saura. Ta uku, a kafa ginshiƙi a tsakiyar ɗaki. Ta huɗu, wadda ta fi duka, ita ce bakan gizo.

Ga yadda a ke yin bakan gizo. Magini ya kan kafa azara cikin bango ta ɗan karkato ciki, ya ɗaure ta da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Sa'an nan ya ɗaura wata a kanta wadda ta fi ta karkatowa, ya sake lulluɓewa. Haka zai yi ta yi daga bango biyu masu duban juna, gaɓa bayan gaɓa, har ƙafafun biyu su gamu a sama. In baka biyu suka gicciye juna a tsakiyar ɗaki, shi a ke kira ɗaurin guga, don ya yi kama da yadda a ke ɗaure bakin guga. Da wannan dabara a kan rufe ɗaki mai faɗin ƙafa ashirin ko fiye ba ginshiƙi ko ɗaya. Bakan da Rumawa suka yi da dutse nauyin duwatsun ne ke danne juna ya tsai da shi. Namu kuwa azara ce ƙashinsa, ƙasa ce namansa, ya fi kusa da yadda a ke sa ƙarfe cikin kankare yau. Wanda ya kai wannan sana'a matuƙa shi ne Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Jumma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. A nan kam dole in sallama wa abokina, ba mu da kamarsa a yamma.

In an gama ɗaurin rufi a shimfiɗa zana ko asabari bisa azara, a zuba ƙasa a daddaɓe, a ja rawani kewaye da kan soro, a fitar da zankwaye a kusurwa, a sa indararo mai tsawo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Daga nan sai abin da ke tsare ginin daga ruwan sama. A jikin bango a kan yi yaɓe da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. A kan rufi kuwa a kan shafe da laso, watau katsin da a ke kwasowa daga karofi, a gama shi da gashin da majema ke karkarewa da ruwan dafara. Ɗakin ciyawa kuma nasa kayan daban: tsaiko, da shuci, da igiya. Cikin igiyoyin da a ke ɗauri da su har da ta ɓawon kalgo, itacen da garinmu ke amsa sunansa. Dubi yadda gida ɗaya ke tara manomi da marini da majemi da mai saran giginya, ba a sayo komi daga bakin teku ba.

Amfanin wannan gini sananne ne ga duk wanda ya taɓa yin ƙailula a soro cikin bazara. Zafin rana na ɗaukar sa'o'i kafin ya ratsa bango mai kauri, saboda haka da rana ciki da sanyi, da dare kuwa cikin hunturu bangon na sakin ɗumin da ya tara. Aibinsa kuma ɗaya ne babba: ba ya haƙuri da sakaci. Kowace shekara kafin damina sai an hau an duba rufi, an toshe tsaga, an gyara indararo, bayan 'yan shekaru kuma a sabunta yaɓe. A gidanmu na Kalgo akwai zauren da kakana ya gina, wanda ya yi shekara fiye da hamsin yana karantarwa a ciki. Da ya rasu, 'ya'yansa kowa ya tafi wurin aikinsa, wannan na jiran wancan ya aiko da kuɗin yaɓe. Damina biyu kaɗai aka yi ba a hau kansa ba, ta uku cikin watan Agusta rufin ya rufta da dare. Allah ya kiyaye ba kowa ciki, amma allunansa da buzunsa sai daga ƙarƙashin ƙasa muka tono su.

BAƘON 1853

Muna da shaidar wani baƙo wanda ya ga Gwandu da idonsa shekara ashirin da huɗu bayan rasuwar Malam Abdullahi. Shi ne Dokta Barth, Bajamushe mai yawon bincike da gwamnatin Ingila ta aiko, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarimu. Ya sauka Gwandu cikin watan Mayu 1853, kan hanyarsa ta zuwa Tambutu, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi. A lokacin nan sarakunan Nufe da Ilori da Yawuri, da na ƙasashen yamma har Liptako, duk Gwandu su ke bi. Barth ya zaci zai tarad da babban birni, sai ya tarad da ƙaramin gari cikin kwari, mai itatuwa da ayaba da albasa mai kyau, kasuwarsa ba ta da girma, mutane kuma na cikin tsoron harin Kabawa, waɗanda suka ɗaga tutar tawaye tun 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame. Halilu kuwa mutum ne mai gudun duniya, ya kulle kansa cikin gida yana ibada, har Barth ya tashi bai yarda sun gana ba.

Amma a garin nan mai ƙaramar kasuwa Barth ya sami abin da bai samu a Kano ba. Wani malami ya ba shi aron Tarihus Sudan, littafin da Abdurrahman Sa'adi mutumin Tambutu ya rubuta wajen 1655, ya zauna kwana da kwanaki yana kwafar abin da ya iya. Ta wannan hanya ce mutanen Turai suka fara sanin tarihin daular Songhai filla-filla. Ashe dukiyar gidajen Gwandu ba a jikin bango ta ke ba, tana cikin gafaka.

YADDA SARAUTA TA TASHI DAGA GIDAN

'Ya'yan Malam Abdullahi biyar suka yi sarauta bi da bi: Muhammadu, da Halilu wanda ya riƙe daga 1833 zuwa 1858, da Haliru, da Aliyu, da Abdulƙadiri. Haliru shekara biyu kaɗai ya yi, ya rasu a fagen yaƙi da Kabawa cikin 1860. Wanda ya gaje shi, Aliyu, ya ga ba a tsare ƙasa daga cikin kwari, sai ya koma Ambursa ya yi ribaɗi, ido da ido da Argungu. Tashin sarauta na fari daga Gwandu ke nan. Bayan Abdulƙadiri sarauta ta koma hannun jikoki, suka yi ta fama da Kabawa, wani lokaci yaƙi wani lokaci amana, har Turawa suka zo cikin 1903.

Zuwan Turawa ya rage ƙasar ƙwarai. Yankunan yamma suka faɗa hannun Faransa, yau suna cikin Nijar da Burkina Faso, Nufe da Ilori kuma aka mai da su larduna dabam. Cikin 1906, bayan yaƙin Satiru, Turawa suka tuɓe Sarki Muhammadu Bashiru suka naɗa Haliru na biyu, hedkwatar ƙasa kuma ta tabbata a Birnin Kebbi. Tashi na biyu ke nan. Ikon Allah, garin da Malam Abdullahi ya ci da yaƙi cikin 1805 shi ya zama mazaunin zuriyarsa, fadar da ke can ma sunansa ta ke amsawa, Gwandu kuwa ta koma kamar yadda ta fara, garin bayan gari. Tun 1991 Birnin Kebbi ce babban birnin Jihar Kebbi. Duk da haka ba a taɓa cewa Sarkin Birnin Kebbi ba, Sarkin Gwandu a ke cewa, don sunan gida ba ya bin mai ƙaura.

Cikin sarakunan baya akwai Usmanu, 1918 zuwa 1938, wanda ya ziyarci Ingila cikin 1934 tare da Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Sai Yahaya, 1938 zuwa 1954, wanda babban asibitin Birnin Kebbi ke ɗauke da sunansa. Sai Haruna Rashid, wanda labarinsa ya fi kusa da mu ta hanya biyu. Ta fari, ɗan Kwalejin Katsina ne, ya fito ya yi aikin koyarwa a makarantar Midil kafin ya shiga aikin baitulmali na En'e. Ta biyu, garinmu Kalgo, wanda ke kamar mil goma kudu da Birnin Kebbi, shi ya riƙe da sarautar Sarkin Gobir, daga nan aka ɗauko shi aka naɗa shi Sarkin Gwandu cikin 1954. Ya shugabanci Majalisar Sarakuna ta Arewa a Kaduna, ya yi shekara arba'in da ɗaya bisa gado, ya rasu cikin 1995. Ku duba, 'yan'uwa, gidan da malamin zaure ya kafa, bayan shekara ɗari da hamsin malamin aji ya gaje shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Yau in ka zaga Gwandu ko Kalgo, bulo da siminti da kwano sun rinjayi tubali da azara. Ban ga laifin masu yin haka ba. Ciyawa na cin wuta, giginya ta yi wuyar samu, samarin da a da su ke taruwa gayyar yaɓe sun watse makarantu da birane. Sai dai akwai kuskure ɗaya da ya kamata mu da za mu koyar mu gargaɗi mutane a kansa, watau shafe tsohon bangon ƙasa da siminti. Su biyun ba su kama juna. Ruwa na shiga ta tsaga ya kwanta tsakani, ba hanyar fita, bangon ya yi ta ruɓewa a ɓoye alhali fuskarsa na ƙyalli, ran nan sai ɓawon simintin ya ɓamɓaro da rabin bango. Ginin ƙasa da ƙasa a ke gyaransa.

Abin da na gane daga wannan bincike shi ne, ba wani bangon ƙasa da ke kai shekara ɗari biyu da ƙarfin tubalinsa na fari. In ka ga tsohon gida tsaye, hannuwa ne suka yi ta sabunta shi, uba ya yaɓa, ɗa ya yaɓa, jika ya yaɓa. Haka kuma ɗaya fuskar ta gida. Sarauta ta bar Gwandu sau biyu, ƙasar da a ke mulka ta ragu, amma littattafan Malam Abdullahi har yanzu ana karanta su a zauruka da jami'o'i, don kowane zamani an sami wanda ya zauna ya kwafa, ya karanta, ya karantar.

Saboda haka ga roƙona. Kowanenmu in ya tafi hutu, ya nemi gidan da ya fi tsufa a garinsu. Ya nemi izinin mai gida, ya auna zaure da taki ko da igiya, ya zana tsarin gidan a takarda, ya rubuta sunan kowane sashe da na kowane itace da bakin maginin garin, gama sunayen na bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Sa'an nan ya zauna gaban tsofaffin gidan, maza da mata, ya tambayi wanda ya kafa shi, da inda ya fito, da waɗanda suka biyo bayansa. In muka komo mu tara takardun nan a ɗakin karatu na makaranta. Aikin bai fi kwana uku ba, ba ya kuma cin ko kwabo. Da na yi wa zauren kakana haka shekara guda kafin ya faɗi, da yau ina da abin nuna wa abokina Bakano.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙon abin da suka bari. Wasalam.